Bayan fyaɗe: tambayoyi da amsoshi kan zuwa asibiti da wuri da aikin nas mai tattara shaida

Yawancin waɗanda ake kawo mana asibiti bayan an yi musu fyaɗe, ba a ranar da abin ya faru ake kawo su ba. Sai an kwana biyu ana kuka a ɗaka, an aika an kira kawu, an je wurin mai unguwa, an saurari masu ba da haƙuri, sannan in yarinya ta kasa tafiya ko zazzaɓi ya rufe ta a tuna da asibiti. Kafin nan lokacin magungunan da suka fi muhimmanci ya shige. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da 'yan uwa suka fi yi min, wasu a ɗakin duba marasa lafiya, wasu a gidan biki bayan an ja ni gefe an rage murya.

Ina za a fara zuwa, asibiti ko ofishin 'yan sanda?

Asibiti. Ofishin 'yan sanda yana nan gobe, yana nan jibi, amma magungunan da za a ba ta suna da wa'adi, kuma wa'adin ya fara tafiya tun lokacin da abin ya faru. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti a Najeriya ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Na san akwai ma'aikatan da har yanzu suke cewa "ku je ku kawo takardar 'yan sanda tukuna". In an faɗa muku haka, kada ku juya. Ku nemi babbar nas ta sashen ko likitan da ke bakin aiki, ku ce a fara ba ta maganin rigakafi, takarda ta biyo baya. In kuna da yawa, wani ya tafi caji ofis, wani ya tsaya da ita.

Me ya sa kullum ake ta nanata awa 72?

Saboda maganin rigakafin cutar ƙanjamau, wanda ma'aikatan asibiti ke kira PEP. Ƙwayar cutar in ta shiga jiki takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta kafu, kuma a wannan ɗan tsakanin ne magani zai iya tare ta. Wanda aka fara ba shi cikin awannin farko ya fi wanda aka ba a rana ta biyu samun kariya, bayan awa 72 kuwa ba a ba da shi don ba zai yi amfani ba. Ana shan sa kwana 28 ba fashi, galibi ƙwaya ɗaya a rana. Za a yi mata gwajin jini a ranar farko, amma wannan gwajin halin da take ciki kafin abin ya faru yake nunawa, ba abin da aka sa mata ba, shi ya sa ake maimaita shi bayan wasu makonni da kuma bayan wata uku.

Na biyu shi ne maganin hana shigar ciki na gaggawa. Ya fi ƙarfi a kwana ukun farko, ana iya ba da shi har zuwa awa 120, wato kwana biyar. Sai magungunan kashe ƙwayoyin ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar rigakafin ciwon hanta ga wadda ba a taɓa yi wa ba, da allurar tetanus in akwai yanka ko ƙujewa.

Ita ma shaidar da ke jikin mutum ba ta jira. Abin da ya rage a baki yakan ɓace cikin kwana guda, na dubura kamar kwana uku, na gaba yakan kai kwana biyar. A jikin ƙaramar yarinyar da ba ta balaga ba kuwa, bayan kwana ɗaya da wuya a samu wani abu, sai dai a jikin tufafinta ko zanin gadon.

Wace ce wannan nas mai tattara shaida? Ba duk nas ɗaya ba ce?

Nas ce kamar kowa, sai dai an yi mata horo na musamman kan abu biyu a lokaci guda: kula da wanda aka ci zarafinsa, da ɗauko shaida daga jikinsa ta hanyar da kotu za ta karɓa. Ta san yadda ake tambaya ba tare da an sa wa mutum magana a baki ba, ta san yadda ake auna rauni a rubuta, ta san abin da ake sa wa a takarda da abin da ba a sa wa a leda, kuma in an kira ta kotu za ta tsaya ta yi bayanin abin da ta gani.

Aikin ya samo asali ne a Amurka. A da, macen da aka yi wa fyaɗe takan zauna awanni a sashen gaggawa tana jira, don masu haɗarin mota da masu ciwon zuciya suna gabanta, ga shi an hana ta shan ruwa da shiga banɗaki kada shaida ta lalace, likitoci kuma suna gudun aikin saboda zirga-zirgar kotu. Ma'aikatan jinya ne suka ce su za su ɗauki nauyin. Shirin farko ya fara a Memphis a 1976, na Minneapolis ya biyo a 1977, na Amarillo a jihar Texas a 1979. A 1992 ma'aikatan jinya 72 suka haɗu a Minneapolis suka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, a 1995 kuma ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta yi nisa da cibiyoyinta na Thuthuzela, inda nas da likita da ɗan sanda da mai ba da shawara suke samun mutum a wuri ɗaya, maimakon shi ya riƙa bin su ofis-ofis yana maimaita labarin.

Akwai irin wannan wuri a ƙasarmu?

Akwai, ko da yake ba su kai yadda ake buƙata ba. Ta farko a Najeriya ita ce cibiyar Mirabel da aka buɗe a 2013 a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja. A Arewa akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala Muhammad da ke Kano, akwai cibiyoyin Salama a jihar Kaduna (Kakuri da Tudun Wada a cikin gari, sai Zariya da Kafanchan), akwai Nana Khadija a asibitin ƙwararru na Sakkwato wadda aka buɗe a 2020, akwai Rayuwa a Minna, akwai a Dutse da Yola da Maiduguri. An kafa su ne don a duba mutum kyauta kuma cikin sirri.

Amma kada wanda ke ƙauye ya ce sai ya tara kuɗin mota zuwa babban birni. Babban asibitin ƙaramar hukuma da ke ba masu ƙanjamau magani, ko wanda ke ba mata masu ciki maganin kare jariri daga cutar, yana da ƙwayoyin da ake buƙata. A fara shan su a can, sauran aiki a ƙarasa a birni. Haka abin yake ga 'yan uwanmu na Nijar: asibiti mafi kusa shi ne na farko, awannin nan ba su san iyakar ƙasa ba.

Me za mu yi, me za mu bari, kafin mu isa asibiti?

Abu mafi wuya shi ne kada ta yi wanka. Na san nauyin wannan magana. Wadda aka yi wa haka ba abin da take so kamar ta wanke jikinta har fata ta yi zafi, ga kuma mu da buta ba ma rabuwa, ko fitsari mutum ya yi sai ya yi tsarki. Amma ruwan nan yana tafiya da maniyyi da yawu da gashi, waɗanda su ne za su nuna wanda ya aikata. In za ta iya daurewa zuwa asibiti, ta daure. Kada ta wanke baki ko ta goge haƙora in an taɓa bakin, kada a yanke mata farce, kada a taje kai. In fitsari ya matse ta, ta yi, ta mayar da kamfanta ba tare da ta kama ruwa ba. In ana zargin an sa mata wani abu a lemo ko abinci, a tari fitsarin farko a kwalba mai tsabta a tafi da shi.

Kayan da ke jikinta, zani da siket da kamfai da hijabi, a zo da su yadda suke. In an riga an cire, a naɗe kowanne daban a takarda mai tsabta ko babban ambulan. Kada a ƙulle su a leda, don leda tana riƙe danshi, zafin ƙasarmu kuma ya dafa su su yi fumfuna, shaida ta lalace. A taho mata da wasu kayan da za ta sa ta koma gida.

Wata uwa ta taɓa kawo min 'yarta mai shekara tara a rana ta huɗu. Ta ce min, "Sista, wallahi ban yi sakaci ba, kullum sau uku nake gasa ta." Ta tafasa bagaruwa da gishiri tana zaunar da yarinyar a ciki safe da rana da dare, kamar yadda ake yi wa mai jego. Kayan yarinyar kuwa ta wanke su tas da omo ta shanya a daren farko don kada kishiyoyi su ga jini. Ban iya yi mata faɗa ba, abin da ta sani na kulawa shi ta yi. Sai dai ruwan zafin ya ƙona wurin har ba a iya bambance ƙuna da raunin asali, kuma lokacin maganin ƙanjamau ya wuce da kwana guda. Na ce, "Mama, ba laifinki ba ne, amma daga yau a daina gashin." Ta riƙe hannuna tana tambaya ko da ta zo jiya da an samu. Na ce da an samu.

To in ta riga ta yi wanka fa?

Ta zo haka nan. Wanka ba ya hana magani aiki, raunuka suna nan za a rubuta su, kuma sau da yawa akan samu wani abu duk da wankan.

Me ake yi a ɗakin dubawa? Ana tilasta wa mutum?

Ba a taɓa mutum sai da izininsa, kuma izinin mataki-mataki ne. Tana iya yarda a ba ta magani ta ƙi a duba gabanta, tana iya yarda a duba ta ƙi a ɗauki hoto, tana iya cewa a tsaya ana tsakiyar aiki. Tana da damar neman mace ta duba ta, da zaɓar wanda zai zauna kusa da ita. Ni nakan nemi 'yan rakiya su ɗan ba mu wuri da farko, don wani lokaci wanda ya yi rakiyar shi ne ake tsoro.

In akwai rauni mai haɗari, kamar zubar jini ko buguwa a ka, shi ake fara tarewa. Nakan tambaya ko an shaƙe ta, don mutane ba su cika faɗa da kansu ba, kuma shaƙa tana iya yin ɓarna a cikin wuya ba tare da ta bar alama a waje ba. Dashewar murya, wahalar haɗiya ko jan ido bayan shaƙa abin gaggawa ne.

Daga nan sai a saurari labarin, a rubuta shi da kalmominta. In ta ce "ya danne ni ya toshe min baki", haka za a rubuta, ba a fassara shi zuwa yaren asibiti. Sai ta tsaya a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ta cire kaya, don duk abin da ya faɗo, ƙasa ko gashi ko ciyawa, ya faɗa a kai. Ana lulluɓe ta, sashen da ake dubawa kaɗai ake buɗewa. A duba daga kai zuwa ƙafa: bayan kunne, cikin leɓe, wuyan hannu, cinyoyi. Kowane rauni a auna shi, a zana wurinsa a hoton jikin mutum da ke cikin fom. Da tsinke mai auduga a kai ake shafo wuraren da ta ce an taɓa, a bar shi ya bushe, a sa a ambulan, a liƙe, a rubuta suna da rana da lokaci, a sa hannu a kan bakin ambulan ɗin. Aikin yakan ci awa biyu ko fiye, ba a gaggawa.

An duba an ce ba a ga rauni ba. Ke nan ƙarya take yi?

A'a, kuma wannan kuskuren ya kashe shari'u da yawa, ya kuma raba 'ya'ya da iyayensu. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa fyaɗe ba a ganin wani rauni a gabansu. Fatar wurin tana miƙewa, kuma tana warkewa da sauri, ƙaramar tsaga kan haɗe cikin 'yan kwanaki. Sannan ba kowa ke kokawa ba. Tsoro in ya kai maƙura jiki yakan sandare, mutum ya kasa motsi ya kasa ihu, ba da zaɓinsa ba. Wadda aka ɗora wa wuƙa a wuya, ko aka bugar da ita da ƙwaya, ko ƙaramar yarinyar da aka yaudara da alewa, ina za a ga alamar kokawa a jikinta?

Shi ya sa nas da ta san aikinta ba ta rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi fyaɗe ba". Wannan hukuncin alƙali ne. Ita abin da ta gani take rubutawa, ta kuma bayyana cewa rashin rauni bai kore abin da aka faɗa ba.

Za a iya duba mana ko budurcinta yana nan?

Wannan ce tambayar da iyaye maza suka fi aiko iyaye mata da ita. Babu wani gwaji da ke nuna haka. Tantanin budurci halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, ana iya saduwa da mace ya kasance bai canja ba, ana iya samun wadda ba a taɓa kusantarta ba nata ya yi kama da wanda ya buɗe. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira a daina wannan gwajin gaba ɗaya, don ba shi da tushe a ilimin likita kuma ƙarin wulaƙanci ne ga wadda aka riga aka zalunta. Ni ba na yin sa, ko an roƙe ni.

Maganin hana shigar cikin nan ba zubar da ciki ba ne?

Ba shi ba ne. Aikinsa jinkirta fitowar ƙwan mace ne don kada ya haɗu da maniyyi. In ciki ya riga ya shiga, ba ya fitar da shi. Dokar Najeriya ba ta yarda a zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, saboda haka kwanakin nan biyar su ne damar da ake da ita. Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi ma ana ba ta ko ba ta fara al'ada ba. In ta yi amai cikin awa biyu da sha, a sanar da nas a sake ba ta.

Ƙananan yara fa, da yara maza?

Yarinyar da ba ta balaga ba ba a sa mata ƙarfen duba mahaifa, daga waje ake dubawa, sau da yawa tana kan cinyar mahaifiyarta. Roƙona ga iyaye shi ne kada a yi ta tsare yaro da tambayoyi, kowa ya zo ya ce "faɗa min, wane ne ko?" Yaro yakan karɓi sunan da aka sa masa a baki, lauyan wanda ake tuhuma kuma da wannan zai rusa shari'ar. A saurari abin da ya faɗa da kansa, a riƙe kalmominsa, a ce masa ba laifinsa ba ne.

Yara maza ana yi musu, a makarantun kwana, a shaguna, a cikin almajirai, kuma su ne aka fi makara da su don kunyar ta ninka. Magani ɗaya ne, wa'adi ɗaya ne. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta ɗauki abin da aka yi wa namiji a matsayin fyaɗe daidai da na mace, jihohi da dama kuma sun mayar da ita dokarsu.

Ina shaidar take tafiya, kuma tana amfani a kotu da gaske?

Duk hannun da ambulan ya shiga sai an rubuta: wa ya bayar, wa ya karɓa, yaushe. In aka samu giɓi a wannan jerin, lauya zai ce an sauya kayan a hanya. Gaskiyar magana, gwajin DNA, wato gwajin ƙwayar halitta da ke nuna ko maniyyi ko jinin wane ne, bai wadata a ƙasar nan ba. Legas ta buɗe cibiyarta a 2017, amma yawancin shari'un fyaɗe a Arewa ba sa kaiwa ga wannan gwajin. Abin da ke tsayawa a gaban alƙali shi ne rahoton asibiti, kuma nauyinsa ba kaɗan ba ne. A ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a hukunta mutum da maganarsa kaɗai sai an samu wata shaida da ta ƙarfafa ta. Sau da yawa wannan shaidar ita ce takardar da aka cika a ranar farko. Jihar Kaduna ta tsaurara hukunci a 2020 har da dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, amma komai tsananin doka sai an tabbatar da laifi take hawa kan mutum.

Dole ne mu kai ƙara? Dangi sun ce a rufa asiri.

Babbar mace ita ke da zaɓi, kuma magani ba ya rataya a kan kai ƙara. Shawarata ita ce ta bari a duba a rubuta ko ba ta yanke shawara ba, don wadda ta ce ba ta so yau tana iya so bayan wata guda, a lokacin kuma jiki ya warke. Yaro kuwa dabam ne, musamman in wanda ya aikata yana gida ɗaya da shi, dole a sanar da masu kare yara.

Game da sulhu, ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Na ga inda aka karɓi kuɗin magani aka ce a bar kaza cikin gashinta, bayan 'yan watanni aka kawo min wata yarinyar daga layi ɗaya, sunan mutum ɗaya. Asirin da aka rufa nasa ne. Ita kuwa ba ta da abin kunya, malamai ma sun yi bayani cewa wanda aka tilasta ba shi da zunubi.

Kwana uku sun wuce, har ma wata guda. Akwai sauran amfanin zuwa?

Akwai. Za a yi maganin ciwon sanyi, a yi gwajin ciki da na ƙanjamau da na hanta, a duba raunin da bai warke ba kamar yoyon fitsari ko na bayan gida, a rubuta rahoto, a haɗa ta da mai ba da shawara.

Mun koma gida. Me za mu sa wa ido?

Maganin kwana 28 ɗin nan shi ake yawan yarwa a hanya. Yakan sa tashin zuciya da ciwon kai da kasala a makon farko, sai a ce bai karɓe ta ba a ajiye. Kada a ajiye, a dawo a faɗa mana. A samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa tuna mata a lokaci ɗaya kullum, misali bayan sallar isha'i. In al'ada ta yi jinkiri fiye da mako guda a yi gwajin ciki. Zazzaɓi, ciwon mara, ruwa mai wari ko jini, a dawo ba sai ranar da aka rubuta ba.

Firgita cikin barci, ƙin abinci, fitsarin kwance ga yaron da ya daina, yawan wanka, tsoron fita, duk ana ganinsu, ba aljanu ba ne. In ta fara cewa gara ta mutu, kada a ɗauka magana ce kawai: a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da sauran magunguna daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kawo ta a ranar.

Ni nas ce a ƙaramin asibiti, ba mu da kayan aikin nan. Me zan iya yi?

'Yar uwa, abin da kike da shi ya fi yadda kike zato. Ki shigar da ita ɗaki ki rufe ƙofa, kada ta zauna a layi ana kallonta. Ki tambayi ranar da lokacin da abin ya faru, ki ƙirga awannin, ki ba da ƙwayar farko ta rigakafin ƙanjamau da ta hana shigar ciki kafin ki fara dogon rubutu. In kantin maganin asibitinku yana rufewa da yamma ko ranar Asabar da Lahadi, ki yi magana da shugabanku a ajiye 'yan ƙwayoyi a akwatin masu aikin dare, don irin wannan ba ya zaɓar ranar aiki. Ki rubuta maganarta yadda ta faɗa, ki auna rauni da rula ki zana, ki guji kalmomin da ke yanke hukunci. Ambulan na takarda da tsinken auduga mai tsabta da biro sun isa a fara. Ki ajiye kwafin rahoton a wurin da ake kullewa, ki rubuta sunanki a fili yadda za a iya karantawa, don wata rana bayan shekara biyu sammaci zai iya zuwa, kuma a lokacin ba abin da za ki tuna sai abin da ke cikin takardar. Lambar wayar cibiya mafi kusa da ku, ki nemo ta tun yau ki manna a bangon ɗakin masu aikin dare.